Ƙuri'a Ɗaya Ga Lamba Tara

Vrbinka, Slovakiya
23 ga Mayu

Ƙanwata Dorka,

Gaisuwa daga gida, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, kuma sanyin Ailan bai shiga ƙirjinki ba. Ni ƙalau nake, ban da bayana da ke tuna mini da kansa kowace safiya. Mahaifiyarmu Mamka tana nan yadda kika bar ta. Ƙashin ƙugun da ta karya bai haɗu ba, likita ya ce a shekarunta kada mu sa ran za ta sake takawa. Tana shan miya, tana ƙin nama. Na matsar da gadonta kusa da taga don ta riƙa ganin hanya, ko da yake ba mai wucewa sai motar burodi da karen Kawu Vendel.

Zan bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya yadda na rubuta su a littafina, kada in tsallake wani.

Dankali ya fito, ƙwaronsa ma ya fito. A wurin yankan katako sun mayar da mu rabin yini, abin da ya yi mini daidai saboda Mamka.

Sai babban labari, in har labari ne. An sa ni cikin kwamitin zaɓe. Tunda ƙasarmu ta shiga Tarayyar Turai farkon watan nan, dole mu ma mu tura wakilai majalisarsu, kuma tsakiyar Yuni za a kaɗa ƙuri'a. Pani Hermina mai kanti ce shugaba. Ta ritsa ni ina sayen gishiri, ta ce, "Imro, kai kaɗai ka rage a garin nan da hannunka ba ya rawa. Sa hannu nan." Na ce zan yi tunani. Ta ce, "Sa hannun tukuna, in an biye maka sai a gama zaɓe kana tunani." Na sa. Har rantsuwa na yi cewa ba zan tona ƙuri'ar kowa ba.

Na karanta takardun jam'iyyun duka, kowace da lambarta. Ina jin lamba biyu zan ba, don su kaɗai suka ambaci hanyoyin ƙauye. Ban dai gama tabbatarwa ba.

Ɗan takara ɗaya ne ya ga damar hawowa har nan, na lamba tara. Ya tsayar da motarsa gaban coci da lasifika a samanta, ya yi wa kaji da tsofaffi uku jawabi. Ya ce Turai ta buɗe ƙofa ne don ta kwashe mana 'ya'ya mata su je su yi wa baƙi bauta, iyayensu na kwance a ɗaka ba mai miƙa musu ruwa. Ya ce abin kunya ne ga duk wadda ta tafi, kuma in aka tura shi can zai dawo da su gida ɗaya bayan ɗaya. Tagar Mamka a buɗe take. Da na shigo da itace na tarar ta ɗaga kai daga matashi tana saurare. Ta ce, "Wane ne wannan?" Na faɗa mata. Ta ce, "Lamba nawa?" Na faɗa mata. Ta mayar da kanta kan matashi.

Wataƙila bai kamata in rubuta miki wannan ba. Na so in soke shi, sai na tuna in na soke za ki ɗaga takardar a haske ki karanta, abin ya fi muni.

Ba ta ambaci sunanki ba tun ranar da kika tafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma Dorka, bikin cocinmu na tsakiyar Agusta yana tafe. Ki zo. Ban san yadda ake faɗin irin wannan da dabara ba: ba na jin za ta ga wani Agustan bayan wannan.

Yayanki,
Imro

Monaghan, Ailan
2 ga Yuni

Imro, ɗan uwana,

Takardarka ta iso, a tsaye na karanta ta da takalmin aiki a ƙafata. Ina gaishe ka. Lafiyata lau, sai yatsuna da suka tsattsage. Ka riƙa shafa wa bayanka man nan na cikin shuɗiyar kwalba, kuma ka daina ɗaga Mamka kai kaɗai. Kira Kawu Vendel, in da safe ne yana iya tsayuwa a kan ƙafarsa.

Ba ka tambaye ni aikina ba, amma zan faɗa maka. Laimar kwaɗi muke tsinka. Ka tuna yadda muke shiga daji bayan ruwan sama mu cika kwando a banza? To nan a cikin wasu dogayen rumfuna masu duhu ake shuka ta, a kan kanta kamar kayan kantin Hermina, fara fat, ba ƙamshi ba ɗanɗano. Mu huɗu ke kwana a wani ɗaki mai taya bayan gonar: ni, 'yan Latbiya biyu, da wata 'yar Poland mai minsharin tsiya. Da hannu muke hira. Ranar Lahadi ina zuwa coci don kawai in zauna inda mutane suke, ba na gane komai sai amin.

Kwamitin zaɓe! Allah ya ji ƙan Turai. Na san sau uku za ka ƙirga ƙuri'un, sannan ka yi mako kana zaton ka yi kuskure. Ni dai ba ni da ƙuri'a, sun ce sai mutum yana gida da ƙafarsa. Majalisar da aka ce ta haɗa mu duka, mu da muka watsu cikinta mu ne 'yan kallo.

Mai lasifikar nan kuwa, ya zo ya yi yini ɗaya a sunkuye cikin rumfar nan, sannan ya gaya mini wa zai sayi maganin Mamka da rabin yininka. Kunya! Shi ya san kunya?

Yanzu maganar Agusta. Kana wurin, Imro, kai ke riƙe da akwatina. Ka ji abin da ta ce: "Wadda ta tsallake ƙofar nan da akwati, kada ta jira in kira ta." Ta juya fuska bango, ƙeyarta na yi wa sallama. Ba zan yi kwana biyu cikin bas in zo in sake gaida ƙeya ba. Kuma mai gonar nan ba ya ajiye wa kowa wuri, in ka tafi tsakiyar aiki ka tafi ke nan, mata na nan a layi. Zan iya rasa wurin saboda ita. Amma ta ce in zo. Kalma ɗaya ta ishe ni.

Kada ka neme ni ta wayar kanti, Hermina har numfashin mutum tana saurare. Ka rubuto.

Dorka

Vrbinka
15 ga Yuni

Ƙanwata Dorka,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki sannu da yatsu. Na bi shawararki game da man, ya ɗan taimaka. Mamka ta fi walwala makon nan fiye da kowane lokaci tun faɗuwarta, za ki ji dalili.

An yi zaɓe ranar Lahadi, a ajinmu na da, tunda makarantar a rufe take ba yara. Mun kafa tutoci biyu, tamu da shuɗiyar mai taurari, wadda ta zo a naɗe har yanzu sawun ninki bai bar ta ba. Pani Hermina ta kawo furanni da waina. Muka zauna.

Sunaye sun haura ɗari biyu a rajista. Da shiru ya yi yawa sai Hermina ta fara karanta su tana faɗin inda kowa yake. "Ingila. Ingila. Ostiriya, tana jinyar wani tsoho. Cek. Wannan maƙabarta, an manta ba a soke shi ba." Da ta zo kanki ta ce, "Ailan," ta dube ni, ta wuce. Kawu Vendel, wanda shi ma ɗan kwamiti ne, ya ce, "Ai da akwatin muka saka a bas muka bi su." Daga nan ya jingina da bango ya yi barci.

Ga waɗanda suka zo. Bayan an tashi daga coci, matan ƙungiyar addu'a biyar, Hermina ta shida. Da rana Kawu Vendel da abokansa uku na tsohuwar gonar gwamnati. Sai ni. Sai Mamka.

E, Mamka. Ranar Alhamis ta ce mini, "Rubuta ni, a kawo mini akwati." Ƙaramin akwatin nan take nufi, wanda ake kai wa marasa lafiya har gida. Na yi mamaki, don rabonta da zaɓe tun Baba na da rai. Ta sa na wanke labule, na fito da ƙananan kofunan baƙi, na ɗaura mata baƙin ɗankwalinta mai furanni. Na ɗaura sau biyu tana kwancewa, wai na mai da ita kamar buhun albasa.

Mu uku muka je. Kawu Vendel ya rungumo akwatin kamar jaririn da za a kai baftisma. Yana shiga ya ce wa Mamka, "Rozka, ga Turai ta zo gaishe ki. Yi haƙuri ba ta aske gemu ba."

Mamka ta ce, "Turai na warin barasa tun rana ba ta yi tsaka ba."

Ya ce, "Magani ne, likita ya rubuta."

Ta ce, "Likitan shanu ba."

Hermina ta miƙa mata ambulan da tarin takardun, kowace jam'iyya da tata. Mamka ta ce, "Ku fita, ai doka ce." Muka koma kicin muka tsaya kamar masu jiran hukunci. Ta daɗe. Muna jin motsin takarda. Da ta kira mu ta riga ta liƙe ambulan, ta kuma jefa shi da hannunta, ta ƙi a taimaka mata. Sauran takardun ta sa na zuba su a murhu a gabanta. Sannan ta ce a zuba barasar slivovica. Ta riƙe su da hira, wane ya mutu, wace ta haihu a Ingila, har Hermina ta ce akwatin hukuma ba ya yini a gidan mutane. Tun Ista ba a yi dariya a ɗakin nan ba sai ranar.

Da aka rufe, mun juye ƙaramin akwatin cikin babban kafin mu buɗe ko ɗaya, yadda doka ta ce, don nata ya saje da na kowa. Sakamakon Vrbinka: lamba huɗu, shida. Lamba goma sha ɗaya, huɗu. Lamba biyu, ɗaya. Lamba tara, ɗaya. Na ƙirga sau uku, kin yi gaskiya.

Kawu Vendel ya ce, "Wa ya ba mai lasifika?" Hermina ta ce, "Asiri ne, rufe mana baki." Ya ce, "Asiri a Vrbinka? Garin da in ka yi gyatsa a coci an san abin da ka karya kumallo da shi?"

A rediyo sun ce a ƙasar duka ko mutum ɗaya cikin biyar bai fito ba, mu ne na ƙarshe cikin ƙasashen. Lamba tara ba su sami kujera ko ɗaya ba. Waɗanda na zaɓa ma haka.

Kowa ya watse, na tsaya na share ajin. Na zauna kan bencina na da, gwiwoyina ba su shiga ba. Ban san me na yi zato ba. Na ɗauka dai ranar da muka zaɓi wakilanmu a Turai zan ji kamar an haɗa mu da wani abu babba. Abin da na ji shi ne ƙarar agogon bango.

Kalmar da kika nema ban samu ba tukuna. Ina saurare.

Yayanki,
Imro

Vrbinka
6 ga Yuli

Dorka,

Ina fatan lafiya ce ta sa shiru, ba akasinta ba. Mai kawo wasiƙu ta kai ga tun daga kan kekenta take girgiza mini kai, kafin in buɗe baki.

Walwalar Mamka ba ta daɗe ba. Ta rage cin abinci, cokali uku huɗu sai ta ture kwano. Ƙafafunta sun kumbura. Ta kuma kama wata sabuwar ɗabi'a: duk lokacin labarai sai in kunna mata rediyo, ta saurara har ƙarshe ido a rufe, sannan ta ce in kashe. Ita da ta ce rediyo akwatin ƙarya ne.

Na yanke ciyawar gangare ni kaɗai. Da can mu huɗu ne a wannan aikin, Baba a gaba da lauje, ke a baya kina ƙorafi. Bana da na tsaya shan ruwa sai na ji ina yi wa laujen magana.

Ina ajiye kwafin duk abin da na aika miki. Na sake karanta ta ƙarshe sau da yawa ina neman inda na ɓata miki. Ban gani ba, amma rashin ganina ba hujja ba ne, na sha taka mutum ban sani ba. In maganar Hermina ce da ta ce "Ailan," ba da wata manufa ta faɗa ba. In ba ki da lafiya ne, ki sa 'yar Poland ɗin ta rubuto ko da layi ɗaya, zan nemi mai karanta mini.

Agusta na matsowa.

Imro

Monaghan
14 ga Yuli

Imro,

Lafiyata lau. Ina fatan kai ma haka. Ka ɗora ƙafafunta kan matashi, ka rage mata gishiri.

Ka ce ka karanta takardarka ba ka ga komai ba. Kai da ka ƙirga sau uku! To bari ni da ban gama sakandare da kyau ba in ƙirga maka.

Matan addu'a shida, lamba huɗu shida. Waɗannan ko jaki aka tsayar musu, in dai Fada ya gyaɗa kai, za su zaɓe shi. Kawu Vendel da abokansa huɗu ne, lamba goma sha ɗaya huɗu, har gobe jiran dawowar gonar gwamnati suke yi. Kai ka faɗa mini da bakinka lamba biyu za ka ba saboda hanya. Saura ƙuri'a ɗaya, saura mutum ɗaya. Me ya rage a ƙirga?

Matar da ta yi shekaru ba ta yi zaɓe ba. Ba ta iya juyawa a gado sai an juya ta. Amma ta sa a wanke labule, ta ɗaura ɗankwalin coci, ta tara shaidu, don ta ba wa mutumin da ya tsaya gaban coci ya kira ni abin kunya. Na roƙi kalma ɗaya, ta aiko mini da ita da hatimin hukuma. An kuma manna sakamakon a ƙofar kanti, kowa ya gani, kuma kada ka ce mini Hermina ba ta iya wannan lissafin ba.

Na karanta takardarka a cikin rumfa lokacin hutu. Ɗaya daga cikin 'yan Latbiya ta ga fuskata ta tambaye ni da hannu ko mutuwa aka yi. Ban san yadda ake nuna wannan da hannu ba, sai na ce mata ciwon kai.

Ba zan zo ba, Imro. Zan ci gaba da aiko da abin magani. Kai kam ba ka yi mini komai ba, kai dai ba ka iya barin abu a cikin alƙalami ba. Ka yafe mini da na bar ka da ita kai kaɗai. Na san nauyin, kada ka ɗauka ban sani ba.

Dorka

Vrbinka
24 ga Yuli

Ƙanwata Dorka,

Ina gaishe ki. Na yi yadda kika ce da ƙafafun, kumburin ya ɗan sauka. Abincin dai har yanzu.

Lissafinki daidai ne. Da na karanta sai da na zauna a kan itacen bakin ƙofa. Na rantse ba zan tona ƙuri'ar kowa ba, sai ga shi na jera miki sunaye a sama, adadi a ƙasa, kamar aikin gida na ɗan aji biyu. Ni kuma ban haɗa su ba. Na yi ta kallon bishiyoyi ɗaya ɗaya har ban san cikin daji nake ba.

Na yi kwanaki ina juya abu ɗaya: ina da ikon tambayarta? Daga ƙarshe na je kanti na jira har ya zama ba kowa, na ce, "Pani Hermina, ɗan kwamiti zai iya tambayar mutum wa ya zaɓa?" Ta ce, "A'a." Na juya zan fita. Ta ce, "Kai, tsaya, sarkin tsoro. Ɗan kwamiti ba zai tambaya ba. Ɗa kuwa ban ga dokar da ta hana shi magana da uwarsa ba. Ga lemo, kai mata."

Shekaranjiya da safe ina taje mata kai, don in ina bayanta na fi samun bakin magana. Zan rubuta miki yadda aka yi, ban ƙara ba ban rage ba.

Na ce, "Mamka, lamba nawa kuka ba?"

Ta ce, "Kai da ka ƙirga, ni kake tambaya?"

Na ci gaba da taza. Ta ce, "Tara. Ja a hankali, ba wutsiyar doki ba ce."

Na ce, "Kun ji abin da ya faɗa kan waɗanda suka tafi?"

Ta ce, "Na ji. Baki gare shi kamar karen Vendel. Amma duk cikinsu wa ya ce zai dawo da su? Naka mai hanyar mota? Ai hanya ce ta tafi da ita."

Tsefen ya tsaya a hannuna. Na ce, "Mamka, ai ba sai an bi ta Turai ba. Ku kawai ku ce ta zo."

Ta ce, "Na riga na yi magana a bakin ƙofa, gaban hoton babanku. Magana ba dankali ba ce da za a tono a mayar buhu. Amma in hukuma ce ta dawo da ita, ina ruwana? Ba ni na kira ba."

Sai ta juyo da kanta iyakar yadda wuyanta ya yarda, ta ce, "An rantsar da shi? Yaushe zai fara? Kullum ina saurare, sai sunaye suke ta faɗi, ba sa faɗin lamba."

Dorka, ashe abin da take nema a rediyo ke nan. Lambar kawai ta riƙe, ba ta tuna sunan mutumin ba balle na jam'iyyarsa. Ni kuma ban taɓa gaya mata ya faɗi ba, don ban san akwai mai jiran wannan labarin a gidanmu ba. Na ce mata ba a gama haɗa lissafin ƙasashen ba. Ta ce, "Turai ɗin nan ba ta da sauri."

Na tambaye ta ko in rubuta miki. Ta ce, "Ƙuri'a asiri ce," ta rufe ido. Ban sani ba ko hani ne. Na ɗauka ba hani ba ne. In na yi kuskure, a kaina yake.

Ban samo miki kalmar da kika nema ba, kuma yanzu na san ba za ta fito daga bakinta ba. Abin da na samu ke nan, ki auna da kanki. Ba zan ce ki bar aikinki ba, ba ni da abin da zan ba ki a madadinsa. Amma ki gaya mini abin da zan ce mata. Za ta sake tambaya, kuma in na ce ya faɗi ban san me zai rage mata ta jira ba.

Yayanki,
Imro

Monaghan
1 ga Agusta

Imro,

Lafiya lau. Ka gaishe da Hermina, ka ce na gode da lemon.

Ka ce mata ya ci. Ka ce an rantsar da shi, ya fara aiki, kuma da Vrbinka ya fara saboda nan ne aka fi ƙaunarsa.

Tsohuwa mai taurin kai. Ta gwammace ta tayar da majalisar ƙasashe ashirin da biyar da ta buɗe baki ta ce "zo." Na yi dariya, na yi kuka, 'yar Poland ta ba ni shayi tana buga mini baya kamar na shaƙe.

Na gaya wa mai gonar. Ya ɗaga kafaɗa, kafin in gama magana ya ba wata wurina. Ban san abin da zan yi bayan biki ba, kada ka tambaye ni, kada kuma ka zauna ka tsara mini.

Zan iso ranar Juma'ar da ke kafin bikin. Bas ɗin ba ya hawowa, ka sani, ka tare ni a mararraba da amalanke. Akwatin ya fi na da nauyi.

Ka faɗa mata ba tare da ka kalli ƙasa ba, don Allah. Sau ɗaya a rayuwarka.

Dorka

Vrbinka
9 ga Agusta

Ƙanwata Dorka,

Na san takardar nan ba za ta same ki ba, za ku yi saɓani a hanya. Ina rubutawa ne don ba ni da wanda zan gaya wa, kuma abin ya ƙi zama a cikin littafina. Mamka ta sha rabin kwanon miya yau. Ni lafiya.

Na yi ta gwada maganar a bayan gida, gaban tarin itace, har ta zauna a bakina. Ni da na sa hannu a kan sakamako, yau ga ni ina koyon canza shi. Na shiga, na wanke hannu, na tsaya a ƙarshen gadon, na dube ta cikin ido yadda kika ce. Na ce, "Mamka, mutuminku ya ci. Ya fara aiki. Dorka na isowa ranar Juma'a."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Imro, tun kana yaro in za ka yi ƙarya sai ka fara wanke hannu. Ya faɗi, ko?"

Na kalli ƙasa. Ki yi haƙuri.

Ta ce, "Juma'ar fa? Ita ma ƙarya ce?"

Na ce, "A'a. Wannan gaskiya ce, ga takardar."

Ba ta karɓa ba. Ta ce, "Ƙuri'a nawa ya samu a nan?"

Na ce, "Ɗaya."

Ta ce, "To ashe ɗaya ta isa." Ta goge bakinta da gefen mayafi, ko da yake ba abin da ke bakin. Sannan ta ce, "Me kake tsaye kana yi? Fitar da katifar ɗakin baya ta sha rana, warin ɗaki take."

Katifar tana can kan shinge yanzu. Hadari na haɗuwa ta bayan dutse, don haka zan tsaya nan in je in zauna kusa da ita.

Yayanki,
Imro